Yaran da Ke Ɗakin Kaka

A shekarun da Rogo take ƙarƙashin Karaye, ni ne nake aika wa wani gidan rediyo na Kano labaran yankinmu. Ba cikakken ma'aikacinsu ba ne ni. Nakan rubuta a takarda, in ba direban motar haya ranar kasuwa ya kai wa edita, in ya ga dama a karanta a shirin labaran karkara. Karatuna bai yi nisa ba, daga firamare sai ɗan abin da na taɓa a kwalejin horon malamai na baro. Labaraina kuma duk kusan iri ɗaya ne: an buɗe kwalbati, an naɗa mai unguwa, shugaban ƙaramar hukuma ya kai ziyara. Inda manya suka zauna, nan za ka same ni tsaye da biro.

Wata rana a sakatariyar Karaye, wani abokin karatuna da ke aiki a ofishin lafiya ya ara mini wani littafi mai kauri. Ya ce sakamakon binciken da gwamnati ta yi ne gida-gida a faɗin ƙasa, a kan haihuwa da lafiyar yara da ruwan sha da makamantansu. Tun da aka aiko shi babu wanda ya buɗe, in ji shi, ni da nake yawon neman labari in je in gwada sa'a.

Da Turanci aka rubuta shi, kuma rabinsa lambobi ne a jere. Na yi ta fama da shi da tsohon ƙamus ɗina har na fara gane kansa. A nan na ga shafin allurar rigakafin yara, na ga karkarar ɓangarenmu na ƙasar tana can baya. Littafin bai ambaci Rogo ba, bai ambaci Beli ba. Amma a kwanakin ne masu rigakafi suka gama zagaye, abokin nawa kuma ya taɓa ce mini yaran da aka kawo musu a Beli ba su kai waɗanda suke gani suna wasa a bakin hanya ba. Sai na haɗa maganar littafi da maganar aboki, na zauna a zaurena a Rogo Sabon Gari na rubuta cewa binciken gwamnati ya nuna matan Beli suna sakaci da lafiyar 'ya'yansu. Ban taka Beli ba kafin in rubuta, alhali mahaifiyata a can take zaune. Allah Ya yafe mini, daɗin kalmar "bincike" ne ya kwashe ni.

Aka karanta labarin. Edita ya aiko da yabo a bakin direba, na yi kwanaki ina jin kaina.

Ranar Juma'a na hau keke na tafi gaida Inna. Na same ta a tsakar gida tana kaɗi, 'yar yarinya na zaune a gefenta tana wasa da murfin kwano. Yarinyar ita ce 'yata ta fari. Tun da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, kamar yadda ake yi. Ba na faɗin sunanta, ba na ɗaukarta, ba na tambayar lafiyarta a gaban mutane. Uwarta ma haka. Kunyar ɗan fari a gidanmu da ƙarfinta, don muna da jinin Fulani ta wajen Inna.

Bayan mun gaisa, ta tambayi mutanen gida da jariri, sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Sannu ɗan jarida. Mun ji ka a akwati. Ashe mu ne masu sakaci."

Na fara kame-kame, ina cewa ba da ita nake ba, da matasan iyaye nake. Ta ajiye mazari ta dube ni.

"Mai shela cewa ya yi iyaye mata su kawo 'ya'yansu. To ni na haifi ƙawar tawa? Wadda ta haife ta tana Rogo. Ko tana nan ma, ka taɓa ganin ta saɓo ta a gaban jama'a?"

Na ce, "Wato ba a yi mata ba, Inna?"

"Wa zai kai ta? Kai da kake ubanta ka taɓa tambaya?"

Ban taɓa ba. Nan take na tuna ranar da masu rigakafi suka zo gidana. Ina zaure na ji ma'aikaciyar ta tambayi maiɗakina yaranta nawa, ta ce ɗaya, tana nufin na goye. Na ji da kunnena, kuma ban ga aibun amsar ba, don ni ma da aka tambaye ni haka zan ce.

Sanyi ya riga ya fara ja baya. Kowa a yankinmu ya san da zarar bazara ta kama, ƙyanda take shigowa, kuma ta fi kayar da masu irin shekarun yarinyar nan. Na dubi yarinyar tana buga murfin kwano a ƙasa.

Da na koma gida na sake buɗe littafin, wannan karon ta baya, inda aka jera tambayoyin da aka yi wa mutane. Matan da ke cikin shekarun haihuwa aka tambaya. Tsofaffi babu ruwan kowa da su. Littafin bai yi ƙarya ba da ya ce yara da yawa ba su samu allura ba, amma bai faɗi dalili ba, ni ne na ƙirƙiro masa. Na yi niyya a raina sai na je na gani da idona, kuma sai an dawo Beli da allurar nan kafin zafi ya yi nisa.

Dagacin Beli na fara samu. Ya bar ni a durƙushe ya wanke ni tas a kan labarin farko, na ce na ji na kuma karɓi laifina. Sannan ya ba ni izini. Na shiga unguwanni da rugage a kan keke. Namiji ba ya shiga gida, amma tsohuwa tana fitowa zaure ba tare da wata damuwa ba, ta ma ja ka da hira. Da fari ina tambaya ko akwai jika a gidan, sai a yi ta zagaye-zagaye, don mutanenmu ba sa son ƙirga yara. Sai na sauya. Nakan ce, "Iya, wa ke taya ki kwana a ɗaki?" Sai ka ji an yi dariya an ce wani ɗan mijina ne mai fitsarin kwance, a ƙwala masa kira ya fito. Kusan duk inda na tsaya akwai irinsu, 'ya'yan fari, da waɗanda gwaggo ta ɗauka riƙo. Mafi yawansu ba a taɓa yi musu allurar ba. Tsofaffin ba ƙi suka yi ba. Ba su ji an kira su ba ne.

Na kai wa abokina maganar a Karaye. Ya ce ya yarda, amma zagaye ya wuce, maganin sai a cikin akwatin ƙanƙara ake ɗaukarsa, kuma ba shi da ikon fitar da babur sai shugabansu ya ce. Shugaban nasu kuwa, in ji shi, ba ya karanta takardar ƙananan ma'aikata, amma rediyonsa ba ya rabuwa da kunnensa.

Ban ba direba wannan labarin ba. Da kaina na shiga mota zuwa Kano. Edita ya karanta, ya cire tabarau, ya ce kwanan baya na ce iyaye ne, yau na ce kakanni, wanne zai ɗauka? Na ce na farkon kuskurena ne, kuma ina so a faɗi haka a iska. Ya ce gidan rediyo ba ya son janye magana, sai dai in zan ba shi gida guda takamaimai da zai dogara da shi, wanda mai gidan ba zai zo gobe ya ƙaryata ba. Tsofaffin da suka yi hira da ni ba su ba ni izinin kai gidajensu rediyo ba. Gida ɗaya ne kawai nake da iko da shi, sai na karɓi takardar na ƙara labarin yarinyar da ke ɗakin Inna.

Ya sa ni a gaban na'ura na karanta da bakina. Da na zo wurin da na rubuta "'yata ta fari", sai na kasa faɗa, sai da aka tsayar aka sake ɗauka.

Abin bai zo da sauƙi ba a gida. Maiɗakina ta yi kwanaki ba ta haɗa ido da ni, ta ce na sa ta kasa shiga gidan suna. Kawuna ya aiko a gaya mini boko ya cire mini kunya. Kullum dai ina hanyar Karaye, in zauna a bencin ofishin lafiya, in gaida shugaban in ya shigo, in gaishe shi in zai fita. Ranar da ya gaji da ganina ya tsaya ya ce, "Kai ne mai 'yar fari?" Na ce ni ne, ranka ya daɗe. Ya yi murmushi ya ce shi ma a ɗakin kakarsa ya tashi. Ya sa hannu a ba da babur.

Ana gobe za a zo, na bi mai shela da kaina, don kada ya koma wa tsohuwar maganarsa. Muka tsara zai ce kakanni da gwaggwanni da duk mai riƙon yaro, ko ba ita ta haifa ba, ta fito da shi ƙofar gidan dagaci.

Da hantsi wurin ya cika da tsofaffi, wasu da sanda, kowace da ɗan mijinta ko ƙawarta a hannu, suna ta tsokanar juna. Ina gefe da takardata ina rubutu, sai ga Inna. Da layi ya zo kansu, yarinyar ta ga allura ta fara shure-shure, Inna ta kasa riƙe ta. Ta waiwayo ta hango ni.

"Zo ka karɓa. Ai ka riga ka gaya wa duniya taka ce."

Tsofaffin nan suka sa dariya, wata ta ce a rufe ido, yau ɗan jarida zai yi abin kunya. Na ajiye takarda a ƙasa na ɗauke ta. Ban san tana da nauyi haka ba. Na riƙe hannunta gam aka yi mata, ta tsala ihu a kunnena, ta cusa fuska a wuyan rigata.

Akwai sauran ƙauyuka ta wajen Kafin Dafga da babur bai kai ba, kuma na riga na gaya wa abokina da safe zai gan ni a benci. Amma ranar ban koma Rogo da wuri ba. Kuka ya gajiyar da ita ta yi barci a kafaɗata, Inna kuwa ta yi gaba abinta ba ta ce in miƙo ta ba. Haka na ratsa tsakiyar Beli da ita, ina amsa gaisuwar mutane, har ƙofar ɗakin Inna.