Rufin da Yaya Ishaya Ya Ɗora a Hatta

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Ishaya, kuma a watan jiya ni aka tura in sauke rufin da ya fi alfahari da shi.

Mu biyu kafintoci ne daga Kafanchan. Shi ya riga ni zuwa Dubai, ya samo mini aiki a shagon katakon da yake, a unguwar Al Warsan. Can wani mai gona a garin Hatta, cikin duwatsun Dubai, ya ɗauko tsohon kafinta daga Koriya don ya gina masa rumfar baƙi irin ta ƙasarsu, aka haɗa shi da Yaya. Baba Koriya muke ce masa. Turancinsa kaɗan ne, sai dai ya yi zane a guntun katako.

Da wannan zanen Yaya yake tsare ni lokacin abincin rana. "Dauda, duba nan. Tsofaffin gine-ginensu da suka rage, yawanci rufinsu gangare biyu ne. Akwai mai huɗu. Daga baya manyan ɗakuna suka fi son haɗin biyun, sama biyu, ƙasa huɗu, kusurwoyi a ɗage." Ya ce katakon da ke tallafe rufin, a da, a kan ginshiƙi kaɗai yake zama, sannan aka riƙa jera shi har tsakanin ginshiƙai. Talakawa kuwa jinkar karan shinkafa suke yi, har aka sauya musu da kwano, kamar garinmu. Ni dai gyaɗa kai nake, hankalina na kan tuwo.

Yanzu gonar ta koma hannun wani. Gilashi yake so, da ƙarfe, da tayil ɗin rufi na roba mai kwaikwayon na da. Shugaban aikinmu ya ce, "Yalla, maza, kwana uku, khalas, shi ke nan. Sa zarto." Da na hau, na ga manyan katakan ba ƙusa, kowanne ya shige cikin ɗan'uwansa. Na kasa yankawa. Na riƙa zare su ɗaya ɗaya, daga na ƙarshen ɗorawa zuwa na farko. Kwana tara na yi. An ja mini kunne cewa in na sake, a bakin bizata.

Me Yaya zai ce? Ban jin zai yi fushi. Shi ya koya mini cewa su kansu masu rufin sun yi ta sauya shi. Sai dai na san zai taɓa robar nan ya yi tsaki.

Katakon na jibge a bayan sito, rana tana cinsa. Ba ni da fili, gwiwoyina sun gaji da tsani, kuma ba wanda ya tambaya. Amma ashe duk gyaɗa kan nan, maganarsa ta shiga. Ko yau aka ce in mayar da rufin, zan iya.

Allah ya ba ka hutawa, Yaya.