Kajin da Kawu Ya Ƙirga

Jiya ina gyaran akwati na ci karo da littafin da kawuna, autan su uwata, ya rubuta don samun diplom a jami'a. Warin tsohuwar takardar na bugun hancina, haushin da na ɗauka ya mutu tun ina ƴar shekara goma ya taso sabo fil.

Lokacin fari ne, soji ba su daɗe da karɓar mulki ba. Kakata tana sayar da hatsi a Babbar Kasuwa ta Yamai, ni kuma in na taso daga lakkwal, wato makarantar boko, wurinta nake wuni. Gero ya yi tsada, sai wane da wane. Abin da ya rage wa mutane shi ne wata jar dawa da ake kawowa daga waje. Tuwonta ba ya haɗiyuwa sai da ruwa, kuma mai mutunci ba ya so a gan shi da ita.

Ana cikin haka sai ga kawu da takardu da bik na rubutu, wai zai yi bincike ya kasa masu saye kashi-kashi: wa ke sayen me, kuma don me. Mako uku yana tare mutane da tambaya a bakin rumfa. Wasu suka ɗauka soji ne suka turo shi, suka sauya wurin saye. Kaka ta daure.

Akwai matar wani malamin makaranta, mutanen Damagaram, kullum mayafinta a goge. Da can gero take saye. Yanzu sai ta matso ta rage murya ta ce, "Inna, a auna mini tiya biyu ta jar nan, ta kaji ce." Kaka ta auna, ta ƙara hannu guda, ta ce, "Allah ya raya kajin." Mata da yawa haka suke faɗa. Ni da nake yarinya na gane. Kawu mai boko kuwa sai ya duƙa ya rubuta.

Wata safiya kaka ta tafi gaisuwar rasuwa, ta bar masa rumfa. Ya ce mini bincikensa ya nuna mafi yawan masu saye a wurinmu masu kiwon kaji ne, kuma ba a kula da buƙatarsu. Ya tura buhun dawar baya, ya jawo dusa ya ajiye gaba. Matar na isowa ya ɗaga murya da fara'arsa: "Madam, ga abin da ya dace da ke, ya ma fi araha! Kajin naki nawa ne?" Maƙwabtan rumfa suka juyo. Ta daɗe tana duban dusar, sannan ta ce, "Biyar." Ta saya ta tafi. Ƴaƴanta biyar ne.

Da kaka ta dawo na faɗa mata, ta dubi kawu ta ce, "Kai, bokon nan idonka ya ci ko kanka?" Da la'asar ta ɗauki dawa ta kai har gidan. Matar ta aiko yaro ya ce ba ta nan, kuma ba mu sake ganinta a rumfa ba.

Kawu dai ya ci jarrabawa da yabo. A shafin ƙarshe har shawara ya ba hukuma ta tallafa wa kiwon kaji a Yamai.

Yanzu samari ke tare ni a kanti da waya a hannu, suna tambaya me na saya, don me. Rannan wani ya ga ɓarzajjiyar shinkafa a kwandona, sai na ce masa ta kaji ce, ina jira ya ɗago kai ya dube ni. Bai ɗago ba, rubutawa ya yi.