Igwar Shan Ruwa ta Garinsu

Azumi ya kama, sai na tuna tsohon nan ɗan Bosniya, maƙwabcinmu a unguwar Ammariyya ta Jidda. In an kira magariba, yakan riƙe dabinonsa, ya kasa kunne.

Ran nan na ce, "Baba, yalla, maza, an sha ruwa."

Ya ce, "Igwa nake jira, 'yata."

A garinsu akwai ganuwar dutse bisa tudu. Sarakunansu suka gina ta, Turkawa suka ci ta, daga baya igwarta ta koma sanar da shan ruwa. Yaƙi ya kore shi, bai sake jin ta ba.

A Jidda aka binne shi. Yau ni ma na riƙe dabinona, na ɗan jira. Allah Ya shayar da Baba ruwan Aljanna.