Sawun Zobe a Yatsan Magini

Iyaye mata, kada hatimin buro, wato ofishin hukuma, ya rufe muku ido.

Lokacin muna Tamanrasset, wani magini ɗan Togo ya zo neman ɗiyata Hadiza. Dokar ƙasar ba ta aura wa musulma wanda ba musulmi ba, sai ya miƙo mini takardar musuluntarsa, sabuwa fil. Ni kuwa hannunsa nake kallo. Siminti ya ci ko'ina, ban da inda zobe ya daɗe a yatsa.

Na ce, "Ɗana, mai zoben nan tana ina?"

Ya ce, "Inna, auren majami'a ne. Ai shahada ta goge shi."

"Har da 'ya'yan ta goge?"

Ya sunkuyar da kai. Ashe uku ne.

Malamin unguwarmu ya ce auren yana nan daram, musulunta ba saki ba ce. Imanin maginin tsakaninsa da Allah ne. Amma wanda ya goge mace ɗaya da baki, ta biyu ba za ta yi masa wuya ba. Na hana. Hadiza ta yi wata guda tana fushi da ni.

Ku faɗi ra'ayinku, amma a gidana doka ta zauna: baƙo ba ya zance da ɗiyata sai na ji wa ya baro a garinsu.