Ci da Kai

Shekara biyu ina koyarwa a wata sakandare a Gwarzo, ina haɗawa da digiri na biyu a Kano. Yawancin karatun a gindin darbejiyar gidanmu na ƙauyen Kara na yi shi, ni da takardu da awakin Inna. Ba wanda ya taɓa furta mini kalmomin kimiyyar da ke cikin takardun, ido kawai ya san su.

Bincikena a kan ƙwayoyin bakteriya ne. Idan zaren DNA ɗinsu ya tsinke, akwai wani sinadari da yake kama bakin tsinken yana cinyewa, har sai ya iso wata shaida mai haruffa takwas. Da ya gan ta, ya san zaren na gida ne, sai ya sassauta ya miƙa shi a gyara. Zaren baƙo da ba shi da shaidar kuwa, tas yake cinye shi. A rubuce sunan shaidar Chi, ni kuwa na karanta "ci". Abu yana cin zare, ina laifina?

Ranar kare bincike, Farfesan da aka gayyato, wani dattijo mai furfura, shi zai yanke ko in wuce ko in maimaita shekara. Na fara bayani, bakina yana gudu. Na ce, "Idan ya iso ci..."

Ya ce, "Kai."

Na tsaya cak. A raina na ce shi ke nan, na kaɗe. Kuma ko tsawa ce, ai "ke" ya kamata ya ce mini, da ɗankwalina da komai.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? Kai ake cewa, 'yata. Harafin Girkanci ne."

Dariya ta kuɓuce mini, na kasa riƙe ta. Ya ɗaga gira yana jira.

Na ce, "Ashe irin akuyar Innarmu ne, Yallaɓai. Tana cikin cin dawa, a ce mata kai, ta tsaya. Ta gida ce kawai take jin muryar."

Ya cire tabarau yana share ido. Ya ce, "Ke ma da aka faɗa kin tsaya. To ci gaba, mu ji yadda ake gyaran."

Na ci gaba, ban sake tuntuɓe ba. Da ya sa hannu a takardar, daɗi ya sa na durƙusa a gabansa kamar na je gaida Baba.