Kwale-kwalen da Ya Kori Firizar Umma

Jiya na sayo wa 'yata sabon bahon roba a unguwar Hadayek el-Maadi ta Alƙahira. Ina cire ledar, warin ya daki hancina, sai ga ni ɗan firamare, tsaye a filin baje kolin kayan wasanni da kamun kifi. Kai mai karatu, in ba ka taɓa haɗuwa da dillalin kwale-kwale ba, gode wa Allah, ya rage maka jarrabawa guda.

Lokacin Baba direba ne a ofishin jakadancinmu, muna zaune a gefen unguwar Mohandessin. Duk shekara, da sanyin Alƙahira ya fara ja da baya, sai ya kwashe mu zuwa kallo. A fili fetal ake kafa rumfunan, nesa da kogin Nilu. Kwale-kwale a jere kan koren kafet, babu ɗigon ruwa a wurin sai wanda ke cikin goran Umma.

Su kuwa dillalan, gashi ya sha mai har ƙuda na santsi a kai, ga farin wando, ga tabarau a goshi. Na rantse babu wanda ya taɓa jiƙa idon sawunsa a kogi. Ka jefa ɗayansu cikin randa, sai an kira 'yan kwana-kwana. Amma ka ji su suna ba da labarin igiyar ruwa, ka ce kifi ne ya shayar da su.

Dabararsu ɗaya ce, kuma ta marasa kunya ce. Ba sa kallon uba, ɗa suke hari. Kafin ka ankara an sure yaro an dasa shi cikin kwale-kwale, an kifa masa farar hula, dillali ya sa ɗan yatsan ƙafa yana jijjiga jirgin a hankali, wai ga teku. Daga nan sai ya juyo ya kira uban da kyaftin.

Shekarar da suka kama mu ita ce ta ritayar Baba. An ba shi kwantena ta kai kayanmu gida, kuma bayan gadaje da kujeru, wurin babban abu ɗaya ya rage. Umma ta riga ta sayi firiza. Shirinta ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo, don ta san fansho ba ya zuwa da gudu. Garinmu kuwa can arewa yake, ruwa mafi faɗi a cikinsa shi ne kududdufin bayan kasuwa.

Wani mai siririn gashin baki ya dasa ni cikin wani shuɗin kwale-kwale, ya fara jijjigawa, ya juyo ya kira Baba da kyaftin. Baba ya tsaya. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe wa wasu ƙofar mota, babu wanda ya taɓa kiransa da abin da ya wuce direba. Na ga ƙirjinsa yana tasowa kamar ƙullin fanke.

Umma ta ce, "Malam, a ina za ka tuƙa shi? A cikin tukunyata?"

Dillalin ya dafa ƙirji ya ce, "Ma'alesh ya Hajja, yi haƙuri, ruwa ai na Allah ne. Jirgi ne ke wuyar samu."

Shi ke nan. Firiza ta koma gidan maƙwabciyarmu 'yar Sudan, kwale-kwale ya shiga kwantena. Umma ta yi kwanaki ba ta ce wa Baba komai sai "ga abinci".

Da kwale-kwalen ya isa gida, gari ya fito kallo har da makafi. Damina ta farko aka kai shi kududdufi, Baba ya hau, ya yi tafiyar da ba ta kai tsawon tabarma ba, laka ta riƙe shi. Kwaɗi suka yi masa guɗa. Daga nan Umma ta karɓe shi ta jingine a inuwa. Kullum sai ta saro ƙanƙara wurin wata mai firiza, ta zuba ciki, ta jera zoɓo, ta rufe da buhu. Shekara da shekaru tana sayen abin da ita ya kamata ta sayar. Baba kuwa gari ya laƙa masa Kyaftin, ana faɗa ana dariya, shi yana amsawa da gaske har Allah ya ɗauke shi.

Yanzu aiki ya dawo da ni Alƙahira. Baje kolin ya koma cikin zaure mai sanyi, an rataye manyan talabijin suna nuna teku, amma man gashin nan yana nan. Shekaranjiya na kai iyalina. Wani ya miƙo hannu zai sure 'yata, na riga shi, na ɗora ta a wuya, ina harararsa a madadin Umma. Sai na ji daga bayana, "Ya kyaftin."

Wallahi sai da ƙafata ta tsaya. Matata ce ta ja ni da hannun riga har waje, yarinya na kuka ita jirgi take so. Shi ya sa na sayo bahon. Ga ta nan zaune a ciki, ni kuma ina jijjiga shi da ɗan yatsan ƙafa.