Ɗakin da Sa'adiyya Ta Kama wa Kanta

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Kwaya a Katsina ya san shagon Halimatus Sa'adiyya, wanda ke daura da mai gyaran keken ɗinki. Sa'a ake ce mata. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, kuma mace ce mai ƙyanƙyami tun tana yarinya. Mahaifiyarta ta rasu da wuri, ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Sabuwa, ita ta raine ta, ita kuma ta tsaya kai da fata sai da yarinyar ta gama sakandare ta koyi buga tafireta.

A ƙarshen mulkin soja ta samu aikin buga takardu a wani ofis da ke hanyar Batagarawa. Hannunta na da sauri, ba ta yawan kuskure. Da farar hula suka karɓi mulki, sai ga kwamfutoci an shigo da su cikin kwalaye, aka kwashe tafiretoci aka kai sito. Sa'a ta ga wankin hula zai kai ta dare. Mijinta Malam Dabo, malamin firamare ne mai sanyin hali, ya ce ta je ta koyi sabuwar na'urar. Ta koya, ta ajiye aiki, ta buɗe shago. Tana buga takardu, tana hoton takarda, tana cika wa ɗalibai takardun jarrabawa ta intanet.

Mulkin siyasa ya zo wa Katsinawa da yawan tafiya. Wannan zai je Abuja ganin ɗan majalisarsu, wancan neman kwangila, wani biza, wani asibiti. Kowa kuma kukansa ɗaya, masauki a Abuja tsada gare shi. Ana cikin haka Sa'a ta ci karo da wani shafi na intanet da ke kama wa mutane ɗakin otal da motar haya a kan rangwame. Hotunan ɗakunan kamar ka lasa. Farin zanen gado, labule har ƙasa, banɗaki yana sheƙi. Ƙarƙashin kowane hoto ga taurari, ga yabon waɗanda aka ce sun kwana a wurin.

Wanda ya fara gwadawa shi ne Alhaji Almu mai sayar da kwanuka a kasuwa, abokin marigayi mahaifinta. Ta juya masa kwamfutar ya gani, ta karanta masa yabon tana fassarawa. Ya tafi, ya dawo, ta tambaye shi yaya masauki.

"Alhamdu lillahi, ɗiyata. Mun gode, Allah shi yi albarka."

Daga nan labari ya bazu. Har daga Ƙofar Kaura da ƙauyuka ake zuwa wurin Sa'a mai kama ɗaki. Akwai wani otal guda da ta fi tura mutane, don shi ya fi rangwame kuma taurarinsa a cike suke. Ta tura limamin unguwarsu can. Ta tura ango da amarya. Ta tura wata mata da ɗanta marar lafiya. Duk wanda ya dawo, amsar ɗaya ce: alhamdu lillahi, an gode. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, ita kuwa Sa'a ko Zariya ba ta taɓa wucewa ba.

Sai idon Gwaggo Sabuwa ya yi yana. Aka yi na gida, aka yi na asibiti, a ƙarshe aka ce akwai wani likita a Abuja da zai iya aikin. Malam Dabo na tsakiyar jarrabawar yara, don haka Sa'a ce za ta raka ta. Ta zauna gaban kwamfutarta cike da jin daɗi, ta kama musu ɗaki a otal ɗin nan nata, ta kuma kama mota da direba da za ta ɗauke su daga tasha, ta riƙa kai su asibiti. Motar da ta gani a hoto fara ce fat, sabuwa dal.

"Gwaggo, yau za ki ga aikina," in ji ta. Sai ta tuna da idon, ta ji kunya. Tsohuwar ta yi dariya ta ce ba komai.

Sun isa Abuja bayan azahar. Suka tsaya a tasha rana na dukansu, Sa'a na ta kiran lambar da aka ba ta, ana ce mata mota na hanya. Can sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya gabansu tana tari, an ɗaure murfin bayanta da igiyar roba. Direban, wani dattijo Bamalumfashe, ya leƙo ya ambaci sunanta.

"Malam, ba wannan motar na kama ba," in ji Sa'a, ta nuna masa hoton a wayarta.

Ya duba, ya yi murmushi. "Hajiya, ai wannan hoton kowa shi ake nuna wa. Masu shafin nan ba su da ko taya ɗaya. In aiki ya shigo, wanda ke kusa suke kira. Yau ni Allah ya ba."

Ba yadda za su yi, suka shiga. Kujerar baya a jiƙe take da wani abu mai danƙo, ƙarnin busasshen kifi ya haɗu da warin tsohon amai da aka rufe da turaren fesawa. Sa'a ta cire gyalenta na biyu ta shimfiɗa wa Gwaggo, ita kuwa ta zauna a ɗofane, tana numfashi ta baki. Ta ce a ranta, mota ce aka yi kuskure, bari dai a isa masauki.

Motar ta bar manyan tituna, ta kutsa wani lungu, ta tsaya bayan wata mashaya. Sunan otal ɗin na nan a allo, daidai da wanda ta sha bugawa a takardun mutane. Kwata ce ta fara tarbar su a bakin ƙofa, baƙa ƙirin, kwalabe na yawo a ciki. Wata matashiya a teburin karɓar baƙi, tana taunar cingam, ta miƙo makulli ba tare da ta ɗago kai ba.

Sa'a ta buɗe ɗakin, ta tsaya a bakin ƙofa.

Zanen gadon ya taɓa zama fari. Yanzu taswira ce ta jirwaye iri-iri, ga ɗigon jinin kuɗin cizo a gefen katifa. Gashin wata mata ya manne a matashi. Bango ya jiƙe ya yi funfuna, fanka ta karkace, guntayen sigari a cikin kofin shan ruwa. Ta taka a hankali ta tura ƙofar banɗaki, ta ja da baya da sauri tana toshe baki. Wanda ya bar ɗakin bai kora abin da ya yi ba, famfo kuma ko ɗigo. Da ta sunkuya za ta ajiye jaka, sai ta hango ƙarƙashin gado abin da wasu suka yi amfani da shi suka yar, abin da ba za ta iya ambata a gaban gwaggonta ba.

"Sa'adiyya," in ji tsohuwar daga bayanta, "ina ne nan kika kawo ni?"

"Masauki ne, Gwaggo. Bari in sa a gyara."

"Idona ne ya mutu, hancina na nan da ransa. La'asar ta yi. Ina zan aza goshina a nan?"

Sa'a ta ɗauki jakar. Ta riƙo hannunta suka sauko ƙasa, ta zaunar da ita a kan jakarsu, ta nufi teburin. Ta nuna wa matashiyar hoton da ke waya. Yarinyar ta iya Hausa, ta kuma amsa ba tare da wata damuwa ba. Ta ce hoton gaskiya ne, ɗakin mai otal ne na sama, an ɗauka ranar da aka buɗe wurin. Masu zuwa ta shafin rangwame kuwa ɗakunan baya ake ba su, waɗanda ake bayarwa haya na awa ɗaya ko biyu da rana. In kuɗinta take so a mayar, ba a hannunsu yake ba, ta kira masu shafin. Sa'a ta kira. Kiɗa aka sa mata, wata murya na ta maimaita cewa kiranta na da muhimmanci, har katinta ya kusa ƙarewa.

"Madam, ga wata dabara," in ji matashiyar. "Buɗe wayarki ki ba mu taurari biyar yanzu, ki rubuta wuri ya yi kyau. Sai in sa a canza miki zanen gado, a kawo bokitin ruwa biyu."

Sa'a ta kalle ta. Wato yabon nan da ta yi shekaru tana karanta wa dattawa, tana fassara musu kalma bayan kalma, da bokitin ruwa aka saye shi.

Matashiyar ta sake duba sunan a kwamfutarta, sai fuskarta ta washe. "Au! Ke ce Madam Katsina? Ke ke turo mana mutane! Wallahi oga na son mutanenki. Ba su da matsala ko kaɗan. Sai su shiga su yi shiru, da safe su yi godiya su tafi."

Wannan maganar ta fi banɗakin tayar mata da zuciya. Ta ga liman da farar rigarsa a ɗakin nan. Ta ga amarya da lallenta. Ta ga yaron nan marar lafiya kwance a kan wannan katifa. Ta fita waje, ta tsaya bakin kwata, ta yi ta kakarin amai ba abin da ya fito.

Gwaggo Sabuwa ce ta tuna da Binta, ɗiyar wata tsohuwar maƙwabciyarsu da ke aure a Kubwa. Aka nemo lambarta ta wajen Malam Dabo. Direban bai riga ya tafi ba, ya kai su a motar tasa mai wari, wadda yanzu Sa'a ta ga ta fi ɗakin daraja. Binta ta karɓe su hannu biyu, ta yi musu faɗan me ya sa ba su zo wurinta tun farko ba. A falonta suka kwana har aka yi aikin ido, aka yi nasara a ido ɗaya.

Ranar da suka dawo Katsina, ko hutawa Sa'a ba ta yi ba ta nufi kasuwa. Ta samu Alhaji Almu cikin kwanukansa. Suka gaisa, ya tambayi mai jiki, ya tambayi hanya, ya tambayi Malam. Sannan ta ce, "Baba Alhaji, na kwana biyu a Abuja. Na ga masaukin da nake tura ku."

Dattijon ya sunkuyar da kai yana gyara murfin wata tukunya.

"Don Allah, Baba, a ina ka kwana?"

"Kan kujera, ɗiyata. Zuwa na biyu kuwa masallaci na tahi."

"Zuwa na biyu! Ka san halin wurin, ka dawo na sake kama maka, ba ka ce mini komai ba?"

"To mi zan ce? Ke ɗiyar abokina ce, don Allah kika yi. In zo in kunyata ki a shagonki?" Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Kuma na riga na shaida wa mutanen kasuwa na samu otal mai arha a Abuja. In dawo in ce mi?"

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Liman ya ce haƙuri ya yi, ai tafiya yankin azaba ce. Angon ya ce matarsa ta yi kuka, amma sun ga ba daɗi su faɗa. Uwar yaron ta ce ƙuraje sun feso wa ɗanta bayan sun dawo, ta ɗauka ciwon ne. Kowa ya haɗiye ƙazantar ya yi shiru, ya kuma bar na bayansa ya faɗa ciki. Sa'a ta koma gida ta ce wa mijinta ba ta san wanda ya fi ba ta haushi ba, masu otal, ko masu shafin, ko mutanen garinsu da kara ta hana su faɗin gaskiya, ko ita kanta da ta sayar da abin da idonta bai gani ba. Malam Dabo ya ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin ne ai ya kawo su nan.

Ta zauna ta rubuta gaskiyar abin da ta gani a shafin, ta ba otal ɗin tauraro ɗaya don babu damar ba da ƙasa da haka. Rubutun ya fito, kafin mako ya zagayo sababbin yabo sun binne shi can ƙasa inda ba mai kaiwa.

Tun daga nan ta daina kama wa kowa ɗaki sai a wurin da wani da ta sani ya kwana, ta kuma keɓe shi ta titsiye shi da tambaya: akwai ruwa, an wanke zanen gado, za ka kai mahaifiyarka can? Irin waɗannan wurare kaɗan ne, kuma ba su da rangwame. Ciniki ya ja baya. Wasu suka ce Sa'a ta cika tsanani, suka koma wani shago da ke bakin titi. Daga baya ma manyan wayoyi suka cika gari, kowa ya koyi kama wa kansa.

Har yanzu shagon na nan, ta koma sayar da littattafan makaranta da yin hoton takarda, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Kwanakin baya Alhaji Almu ya biyo ta ƙofar shagon da jakar tafiya, zai je Abuja. Ta tambaye shi inda zai sauka. Ya yi 'yan kame-kame, sannan ya ce can dai wurin, ya kama da wayarsa, an ma ƙara rangwame. Ya buɗe jakar ya nuna mata shirinsa: tabarma, zanen gado daga gida, jarkar ruwa, da kwalbar fiya-fiya ta kashe kuɗin cizo.

Sa'a ta dube shi, ta dubi jakar. Ta yi masa fatan sauka lafiya, ta juya ciki ta ci gaba da aikinta.